Yadda Aka Gano Sankarar Ewing a Ƙafar Ɗana da Yadda Aka Yi Maganinta

Ciwon ya fara ne a ƙarshen daminar 2021, lokacin da ɗana yake da shekara 14, kuma wurin da yake nunawa shi ne gefen ƙwaurinsa na hagu ta waje, kamar faɗin tafin hannu ƙasa da gwiwa. Da yake yaro ne mai buga ƙwallo kamar sauran yaran garinmu Maiwurno da ke ƙasar Sudan, kowa a gidan ya ɗauka buguwa ce, aka shafa man zafi aka ɗaure. Abin da ya raba wannan ciwo da na buguwa, wanda daga baya duk likitan da muka gani sai da ya tambaye mu a kansa, shi ne yana tsananta da dare har ya tashe shi daga barci, kuma hutawa ba ta rage shi. Yakan lafa na ɗan lokaci har mu ce an rabu da shi, sannan ya dawo. Bayan wasu makonni wurin ya kumbura, ya yi ɗumi, zazzaɓi mara ƙarfi kuma ya riƙa zuwa da yamma.

A wannan yanki namu, kumburi mai zafi a kan ƙashi tare da zazzaɓi yana da masu shi da yawa kafin a kai ga tunanin sankara. Akwai ƙwayoyin cuta da ke shiga ƙashi su tara mugunya, akwai tarin fuka da ke sauka a ƙashi, akwai sikila wadda ba baƙuwa ba ce a cikinmu Hausawa, sannan akwai madura, wadda mutanen Jazira da Sinnar suke kira nabit, mai shiga ƙafar manomi ta hanyar ƙaya. Likitan da muka fara gani ya auna jini, ya ga alamar kumburi a jiki, ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta na makonni. Har yau ban ga laifinsa a kan wannan ba, domin mafi yawan yaran da ke zuwa masa da irin waɗannan alamomi abin da ke damunsu ke nan, kuma sankarar da aka gano daga baya ta shahara wajen yin kama da mugunyar ƙashi, har a gwajin jini. Abin da na riƙe shi ne, idan an gama maganin kumburin bai sauka ba, to ba a sake rubuta wani maganin ba tare da an ɗauki hoto ba.

Kafin a kai ga hoton, gida ya kawo nasa shawarwari. Mahaifiyata ta so a kai shi wurin maɗori, wanda a nan ake ce wa basir, wani maƙwabci kuma ya ce wanzami ya yi masa sakiya mugunyar ta fita. Na ce, “Inna, maɗori karaya yake ɗorawa, yaron nan kuwa bai karye ba, ki yi haƙuri mu ga abin da hoto zai nuna.” A Sinnar aka ɗauki hoton ƙashin. Ƙwauri yana da ƙashi biyu, babba na ciki wanda yake ɗaukar nauyin jiki, da siriri na waje, kuma a kan siririn nan hoton ya nuna ƙananan ramuka barkatai, da sabon ƙashi da ya tashi hawa-hawa a bayansa, abin da likitoci suke kira ɓawon albasa. A wani asibitin kuɗi an riga an ce mana mu zo a buɗe wurin a wanke shi, amma likitan da ya karanta hoton ya ɗaga shi sama ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da ni, “Ya Ustaz, kada ka yarda kowa ya sa wuƙa ko allura a wurin nan, ko da ni ne, sai kun ga likitan ƙashi wanda aikinsa cire ƙari ne.” A duk tafiyar da muka yi, ban karɓi shawarar da ta fi wannan amfani ba.

Mun isa Khartum a watannin da suka biyo bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, lokacin da ake rufe gadoji a ranakun zanga-zanga, don haka duk wani alƙawarin ganin likita sai an auna shi da abin da gari zai wayi da shi. Likitan ƙashin da aka tura mu wurinsa bai taɓa ƙafar da komai ba sai da aka ɗauki hoton maganaɗisu, wanda ake kira ranin, kuma ya rubuta a takardar cewa a ɗauki ƙashin gaba ɗaya tun daga gwiwa har idon sawu, saboda wani lokaci ciwon yakan tsallake ya sake tsirowa a wani sashe na ƙashi ɗaya. Ya ce dole hoton ya riga allura, domin da zarar an huda wurin jini da kumburi za su ɓata iyakokin ƙarin, a kasa rabe inda ciwo ya tsaya da inda rauni ya fara. Hoton ya nuna cewa abin da ke cikin ƙashin kaɗan ne idan aka kwatanta da tsokar da ta ɓullo waje ta lulluɓe shi, har ta kai ga wata jijiya da ke zagaye kan ƙashin kusa da gwiwa.

Ɗibar samfur, wadda a asibitocinmu ake kira ayyina, ita ce matakin da na fi so duk mai irin wannan jinya ya fahimta. Kafin a shiga da yaron, likitan ya ɗauki alƙalami ya ja layi a tsaye a gefen ƙwaurin, mai tsawo sosai, ya ce wannan shi ne inda zai yanka ranar babbar tiyata idan Allah ya kai mu, sannan ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan layin ya ce ta nan kaɗai allurar za ta shiga. Dalilinsa shi ne duk hanyar da allura ko wuƙa ta bi ta shiga ƙarin ta fito, ana ɗaukarta a matsayin wadda ƙwayoyin sankara suka taɓa, kuma dole a yanke ta a fitar tare da ƙarin. Idan wani ya yi yankan a kwance, ko ya ratsa tsokoki da yawa, ko ya bi ta kusa da babbar jijiyar jini, to ya tilasta wa mai tiyata cire abin da bai kamata a cire ba, kuma akwai ƙafafun da aka yanke saboda wannan kaɗai. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma a ranar na ga ma’anarsa a fatar ɗana. An yi amfani da allura mai kauri aka zaro siraran tsoka daga sashen da ya ɓullo waje, ana kallon hanyarta a na’urar hoto, aka kai kaso ɗaya ɗakin binciken tsoka, kaso ɗaya kuma ɗakin renon ƙwayoyin cuta, saboda har zuwa lokacin ba a cire yiwuwar mugunya ko tarin fuka ba.

Sakamakon bai zo da suna kai tsaye ba. Rahoton farko ya ce an ga ƙananan ƙwayoyi masu zagaye, masu ɗaukar shuɗin rini, cunkushe da juna, kuma likitan ya bayyana mini cewa cututtuka da dama suna da wannan kama a ƙarƙashin madubin bincike, ciki har da sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira limfoma, da wata sankarar tsoka ta yara, da wani nau’in sankarar ƙashi, alhali kowacce maganinta daban. Sai aka sake rina samfurin da wasu sinadarai masu kama alama ta musamman, aka ga alamar CD99 ta fito a gefen ƙwayoyin, alamomin limfoma da na tsoka kuma ba su fito ba. Wannan ya karkata ga sankarar Ewing, amma CD99 ba ta wadatar ita kaɗai, saboda tana fitowa a wasu cututtukan. Tabbacin yana cikin ƙwayar halitta: a kusan 85 cikin 100 na masu wannan ciwo, biyu daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da gado, wato kuromozom na 11 da na 22, suna musayar yanki, har ƙwayoyin gado biyu, EWSR1 da FLI1, su haɗe su zama ɗaya. Wannan canji a cikin ƙarin kaɗai yake faruwa, ba daga iyaye ake ɗaukarsa ba, kuma ba ya wucewa ga ’ya’ya, abin da na maimaita wa mahaifiyarsa har sai da ta daina lissafin dangin da suka taɓa ciwon ƙafa. Don yin wannan gwaji, mun karɓi samfurin da aka daskare a cikin kaki, ɗan dunƙule da bai kai akwatin ashana ba, muka ba wani ɗan uwa mai zuwa Alƙahira, kuma daga can aka tabbatar da canjin na EWSR1.

Wani likita Ba’amurke mai binciken tsoka, James Ewing, shi ya fara siffanta ciwon a 1921. Shi ne na biyu a cikin sankarar ƙashi ta yara da matasa, bayan ostiyosarkoma, amma duk da haka ko a Turai da Amurka bai wuce yara 3 a cikin miliyan ɗaya a shekara ba, a cikin baƙar fata kuwa ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba, kusan sau 10. Wannan ma yana cikin abin da ke sa a makara wajen tunaninsa a yaro irin nawa. A ɗakunan jira na haɗu da masu wasu nau’o’in, na kuma ga yadda sunan ciwo yake raba hanya. Mai ostiyosarkoma magungunansa daban ne, kuma hasken gashi, wato hasken na’ura da ake gasa ƙari da shi, ba ya cin ciwonsa sosai. Wani dattijo mai sankarar guringuntsi a ƙugu, wato kondurosarkoma, an ce masa tiyata ce kaɗai abin dogaro, domin mafi yawan wannan nau’i ba ya jin kimawi, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara. Ita kuwa ta Ewing tana jin kimawi, tana kuma jin haske.

Kafin a fara magani sai da aka bincika ko ciwon ya tafi wani wuri, tun da kusan ɗaya cikin huɗu na masu shi ana samunsu ya riga ya bazu, galibi zuwa huhu, ko wasu ƙasusuwa, ko ɓargo. An ɗauki hoton ƙirji na na’ura da ake kira siti (CT), an yi hoton ƙasusuwan jiki duka bayan allurar wani sinadari mai haske, an kuma ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugu. Duk sun fito babu komai. Likitan ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa a manyan cibiyoyi kusan 70 cikin 100 na waɗanda ciwonsu bai bazu ba suna raye bayan shekara 5, waɗanda nasu ya bazu kuwa ba su wuce 30 cikin 100 ba. An kuma ɗauki hoton zuciya, an auna ƙoda da hanta, don a san yadda suke kafin magunguna su taɓa su.

A nan ne muka yi zaman da ya fi kowanne wuya a gida. Yayana, wanda shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu, ya ce, “Tun da an ce bai je ko’ina ba, me ake jira? A cire shi gobe a huta.” Na ce, “Yaya, hoto abin da ya girma yake gani.” Na ba shi misali da ƙuduji a gonar dawa, wanda ko ka tuge duk wanda ya fito, irinsa yana nan kwance a ƙasa, ido ba ya ganinsa. Kafin a samu magungunan kimawi, lokacin da tiyata ko haske kaɗai ake yi, waɗanda suke tsira ba su kai 20 cikin 100 ba, ko da an yanke ƙafar gaba ɗaya, saboda ƙwayoyin sun riga sun bi jini tun kafin a gano. Shi ya sa ake fara kimawi, ya bi jiki duka ya kuma rage girman ƙarin, sannan a yi tiyata, sannan a ci gaba da kimawin. Yaya ya yi shiru, daga baya ya ce a sayar da sa ɗaya daga cikin nasa a fara.

Mun zaɓi Wad Madani saboda kusanci da gida. Cibiyar sankara da ke ƙarƙashin Jami’ar Jazira ta fara karɓar marasa lafiya a 1999, kafin nan kuwa kowa sai ya je asibitin Zarra na Khartum, wanda ya fara aiki a 1967. Tsarin maganin zagaye 14 ne, ana karɓa-karɓa tsakanin rukuni biyu. Rukunin farko magunguna uku ne, binkiristin da dokzorubisin da saikulofosfamaid, ana gama su a kwana ɗaya ko biyu. Na biyu kuwa ifosfamaid ne da etofosaid, kwana biyar a jere a kwance. Kowanne yana da abin da ake tsaro a kansa. Dokzorubisin ja ne jawur, yana mai da fitsari ja na ɗan lokaci, yana ƙone nama idan ya zurare daga jijiya, don haka ma’aikaciyar jinya ba ta matsawa daga bakin gado sai ya ƙare. Yana kuma raunana zuciya idan ya taru, shi ya sa ake lissafa duk abin da aka ba shi kada ya wuce 375 miligiram a kan kowane murabba’in mita na faɗin jiki. Binkiristin yana kawo taurin ciki da ciwon muƙamuƙi da mutuwar yatsu. Ifosfamaid da saikulofosfamaid suna iya gurje mafitsara har ta yi jini, saboda haka ake haɗa su da wani magani mai suna mesna da ƙarin ruwa mai yawa. A waɗannan kwana biyar aikina shi ne riƙe gorar awo: duk fitsarin da ya yi sai na auna na rubuta, na ɗaga gorar a haske na duba launinta, dare da rana, na kuma riƙa jansa da hira don in ji ko maganarsa ta fara rikicewa, domin ifosfamaid kan taɓa ƙwaƙwalwa a wasu mutane.

An so a riƙa yin zagayen duk mako biyu, domin wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2012, ya nuna cewa masu karɓa duk mako biyu sun fi masu karɓa duk mako uku tsira daga dawowar ciwon, 73 cikin 100 a kan 65. Amma hakan ba ya yiwuwa sai da allurar filgirastim, mai zaburar da ɓargo ya sake fitar da fararen ƙwayoyin jini. A lokacin, magungunan kimawin gwamnati ce ke bayarwa kyauta, sai dai tun da aka saki darajar fam ɗin Sudan a Fabrairun 2021, magani na waje ya yi tsada a ƙasar baki ɗaya, wani lokaci ma ya ɓace a kasuwa, kuma wannan allura tana cikin waɗanda muka sha wahalar nema. Idan an same ta kuma, tana son sanyi amma ba ta son ƙanƙara, a garin da wuta ke ɗaukewa sa’o’i da yawa. Mun riƙa ajiye ta a firjin wani mai kantin sanyi da ke da janareta, a ƙofar firjin, cikin leda mai sunanmu. Duk da haka wasu zagayen sai da suka kai mako uku, saboda jinin bai farfaɗo ba.

Haɗarin da ya fi kusa da mu a watannin nan shi ne zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye fararen ƙwayoyin jini suna faɗuwa ƙasa, kuma ƙwayar cutar da lafiyayye ba zai ko ji ta ba tana iya kashe mai kimawi a yini ɗaya. An ce mana da zarar ma’aunin zafi ya kai 38 mu taho, ko tsakar dare ne, kada mu ba shi maganin sauke zazzaɓi mu kwanta. A bakin Shuɗin Nilu, inda kowane zazzaɓi sunansa maleriya, wannan umarni yana karo da al’ada. Akwai daren da jikinsa ya yi zafi, aka gwada a gari aka ga maleriya ce, har an ce mu koma gida da magani, amma na nemi a ƙirga jinin, aka tarar fararen ƙwayoyin sun kusa ƙarewa. An kwantar da shi aka haɗa masa maganin maleriya da na ƙwayoyin cuta ta jijiya a lokaci guda, domin samun ɗaya ba ya kore ɗayan. Game da magungunan gida kuwa, likitar yara ta yi mana iyaka mai kyau: addu’a da sadaka babu wanda ya hana, rubutun sha a yi shi da tafasasshen ruwa, amma ban da jiƙo da saiwoyi saboda hanta da ƙoda, ban da ƙaho da tsaga saboda jinin ba ya daskarewa da wuri.

Bayan zagaye na uku kumburin ya sauka har ba a gane ƙafar da ke ciwo, zafin dare ya ɗauke, yaron ya koma cin abinci a ranakun da amai ya sake shi. Wannan sauƙi shi ne tarkon da iyalai da yawa suke faɗawa, kuma na ga gadajen da masu su ba su dawo ba bayan sun ji dama. A gidanmu ma sai da maganar ta tashi, ganin yadda gashinsa ya zube ya rame. Inna ta ce, “Yaron nan ya warke, ku bar shi haka, maganin nan ya fi ciwon cin jikinsa.” Shi da kansa ne ya ba ta amsa, ya ce, “Kaka, likita ta ce 14 ne, ban kai rabi ba.”

Bayan zagaye na shida aka sake hoton ranin, muka koma Khartum don tiyata. A nan Allah ya sassauta mana ta wurin da ciwon ya zaɓa, domin siririn ƙashin ƙwauri ƙaramin kaso na nauyin jiki yake ɗauka, ana iya cire sashensa na sama ba tare da an maye gurbinsa da ƙarfe ba, saɓanin ƙashin cinya ko babban ƙashin ƙwauri, inda sai an sa gaɓar ƙarfe mai tsada ko a yanke ƙafar. Amma akwai abin da za a biya. Ƙa’idar tiyatar ita ce a fitar da ƙarin a dunƙule, a naɗe cikin lafiyayyen nama ta kowane gefe, ba tare da wuƙa ta shiga cikinsa ba, kuma ana auna iyakar da girman da yake da shi kafin kimawi. Jijiyar nan da ke zagaye kan ƙashin, wadda ke ɗaga tafin ƙafa sama, tana cikin wannan iyaka. Likitan ya zaunar da mu, har da yaron, ya ce zai iya ɓare ta ya bar ta, amma zai bar ƙwayoyin ciwo tare da ita, sannan a dogara ga hasken gashi, wanda a yaro mai girma yana iya tauye tsawon ƙashi ya kuma haifar da wata sankarar bayan shekaru. Muka amince a cire ta. An bi layin nan da aka ja da alƙalami, aka yanke ɗigon allurar tare da fatar da ke kewaye da shi, aka ɗinke jijiyar da ke riƙe gwiwa ta waje a jikin babban ƙashi don kada gwiwar ta riƙa gocewa.

Da aka bincika abin da aka cire, an tarar duk gefunansa babu ƙwayar ciwo, kuma fiye da 90 cikin 100 na ƙarin ya riga ya mutu da kimawi. Waɗannan abubuwa biyu su suka sa ba a yi masa hasken gashi ba. Da raunin ya kama aka koma kimawi ba tare da jinkiri ba, kuma zagaye takwas ɗin da suka rage sun fi na farko wahala, domin ɓargon ya gaji, sai da aka riƙa ƙara masa jini, matasan unguwarmu suna zuwa Madani suna bayarwa. Kuɗin mota da masauki da gwaje-gwaje kuwa dangi da jama’ar masallaci da Diwanin Zakka suka taya mu. Tafin ƙafar ya faɗi kamar yadda aka gaya mana: ba ya iya ɗaga yatsunsa sama, silifa tana zare masa, idan zai taka sai ya ɗaga gwiwa sosai. An auna masa madogari na roba mai tauri wanda yake bin bayan ƙwauri ya shiga ƙarƙashin tafi, yana sa shi a cikin takalmi rufaffe, kuma da shi mai kallo ba zai lura ba sai ya yi gudu. Bayan ƙafar ba ya jin taɓi, don haka kullum in ya zo alwalar isha sai ya duba ko ƙaya ta shige shi bai sani ba.

An gama maganin a ƙarshen 2022, aka tsara mana duba duk wata uku a shekara biyu na farko, da hoton ƙirji da na ƙafar, tun da a wannan lokaci ciwon ya fi dawowa, kuma huhu ya fi nufa. Akwai kuma abin da magungunan suka bari wanda ake bi a hankali: zuciya saboda dokzorubisin, ƙoda saboda ifosfamaid, ƙirgar jini saboda kaɗan daga cikin masu wannan magani suna kamuwa da sankarar jini daga baya, da batun haihuwa, wanda likitar ta kira ni gefe ta gaya mini tun kafin a fara cewa magunguna biyu daga ciki suna iya tauye ta, kuma za a gwada idan ya girma. Yaƙin da ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 ya rushe wannan tsari. Da farko marasa lafiyar Khartum suka kwararo Madani, sannan a Disamban shekarar Madani ma ta faɗa cikin yaƙin. Mun koma ganin likita a Gadarif, inda muke da dangi, kuma abin da ya sa likitan can ya iya ɗorawa daga inda aka tsaya shi ne jakar da na tara komai a cikinta, tun daga rahoton samfur na farko da na Alƙahira, zuwa takardar tiyata da jadawalin kowane zagaye da adadin maganin da aka bayar, waɗanda na kuma ɗauki hotonsu a waya na tura wa ɗan uwanmu a Jidda. Na ga iyalan da suka iso ba su da ko takarda ɗaya, likita yana tambayarsu launin ruwan da aka ƙara wa ɗansu don ya kintaci maganin.

Yanzu tazarar duban ta ƙaru, kuma za ta ci gaba da ƙaruwa har a cika shekara 5, daga nan a koma sau ɗaya a shekara zuwa aƙalla shekara 10, domin sankarar Ewing takan dawo a makare. Akwai wata tiyata da ake karkato da jijiyar wata tsoka daga bayan ƙwauri zuwa saman tafi don ta riƙa ɗaga shi, wadda za ta iya raba shi da madogarin. Likitan ƙashi ya ce babu gaggawa a kanta, kuma yaron, wanda yanzu saurayi ne, ya ce a bar masa shawarar sai ya gama jarabawar sakandare.